Kaset Mara Suna

"Ba wanga na ba," in ji Malam Balarabe. "Hidda shi."

Rilwanu ya danna rimot, na'urar ta turo faifan waje, ya zare shi ya ɗora a kan 'yan uwansa. Na goma sha ɗaya ke nan tun bayan la'asar. Ya ɗauko wani daga cikin kwali mai shuɗin baya, ya goge shi da gefen riga, ya saka. Ƙaton talabijin ɗin da ya kafe wa mahaifinsa a bango ya washe, sai ga ɗaurin auren wani Alhaji a Bakura shekara talatin baya, mutane dishi-dishi, manyan riguna duk sun koma launin ƙasa. Tsohon ya ɗago kai daga matashi, ya duba na ɗan lokaci, ya mayar da kan.

Zubairu yana zaune a bakin ƙofa kan tabarma, ƙafafunsa da busasshen taɓon fadama. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Malam Balarabe a nan Talatar Mafara, kuma tun da aka sallamo tsohon daga asibiti aka ce a je gida a ci gaba da addu'a, maganar da kowa ya san fassararta, bai taɓa fashin zuwa ba. Daga gonar shinkafa nan yake fara tsayawa kafin ya shiga nasa gidan.

Yaran yanzu ba su san waye Balarabe Mai Bidiyo ba. Amma an yi zamani, daga Mafara zuwa Bakura har Maradun, ba a ɗaurin aure ko suna ko saukar karatu ko tarbar alhazai a ce an yi taro, sai an gan shi da kyamara a kafaɗa yana ja da baya-baya. Manyan mutane sun gyara hula saboda shi. Zauren gidansa shago ne, kaset tun daga ƙasa har rufi. Sai faifai ya zo ya kashe kasuwar kaset. Kafin ya gama yin tsaki, wani faifan ya zo ya kashe na farko, sannan aka kawo wannan mai hoto garau da ake cewa har gashin ido kana iya ƙirgawa. Daga nan aka shiga shela wai talabijin zai koma dijital, eriyar da ke kan gora ta gama yayi, kowa ya nemi dikoda. Malam Balarabe ya ce shi ya gaji da gudu, duk mai gaggawa ya wuce. Aka kuwa wuce. Waɗanda suka sha roƙonsa ya ɗauke su, yanzu da waya suke ɗaukar kansu, in sun haɗu da shi a masallaci su tambaye shi ko har yanzu yana ajiye da tarkacen nan.

Rilwanu ɗansa na fari ne, yana sayar da kayan wuta a Gusau. Ba mugun ɗa ba ne, abin haushin ke nan, da mugu ne da an san inda za a kai ƙara. Sati uku da suka wuce, uban yana kwance a asibiti, ya zo ya kwashe zauren kaf don a samu ɗaki mai iska da za a kwantar da mara lafiya. Duk kaset ɗin da ya ga an rubuta suna a jikinsa ya ware, ya kai Gusau aka juye a sabon faifai. Ya sayo talabijin shafal kamar allo, da na'urar faifai, da dikoda, ya sa aka sauke gorar eriya aka kafa faranti a kan rufi. Yana jiran uban ya dawo ya yi murna. Uban ya dawo, ya dubi bangon da babu kanta ko ɗaya, ya kwanta. Sai yau da rana ya ce akwai wani kaset da yake son gani.

"Baba, ka hwaɗa mani sunan da ke jiki," in ji Rilwanu, gumi na bin wuyansa. "Duk mai suna yana nan, ko guda ban bari ba. Na wane gari na? Bikin wa?"

Tsohon ya juya ido ga rufi. Shi da ko sunan Rilwanu bai taɓa kamawa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai "kai" ko "yaron nan", ina zai iya wannan bayani. Ya ce a bari kawai, ya gaji. Wayar Rilwanu ta yi ƙara, ya fita waje yana amsawa.

Malam Balarabe ya yafito Zubairu da yatsa. Zubairu ya matso har yana jin warin magani a numfashinsa. A hankali, yana yi yana hutawa, tsohon ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ya sayo kyamararsa ta farko daga Sakkwato, ya shigo gida yana neman abin da zai gwada ta a kai, sai ya tarar da mai ɗakinsa ta yi shanyar shinkafa a tsakar gida tana korar kaji. Ya kunna. Ta juyo ta gan shi, ta ja kallabi ta rufe fuska tana dariya, tana cewa ya kau da abin nan daga kanta. Duka-duka bai kai minti biyar ba. Taibatu ke nan, uwar Rilwanu da Hanifa, wadda ta rasu shekara goma sha tara da suka wuce ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta yarda a ɗauke ta. Ko yanzu da yake ba da labarin, bai kama sunanta ba. Ya ce duk Juma'a in an sauko masallaci yakan rufe shago ya saka ya kalla, har bidiyonsa ya mutu shekara huɗu baya, ya rasa mai gyara.

"Huskar ina da ita," in ji shi. "Muryar ta ta hwara ɓace mani, Zubairu. In na rufe ido ina ganin bakinta na motsi, ba ni jin komi. So nike in ji ta sau guda kahin in tahi."

Zubairu ya tambaye shi abin da aka rubuta a jiki.

"In rubuta sunanta in aje cikin shago, yara na ɗauka suna karantawa? Ba shi da suna. Yana can kanta ta sama, bayan sauran, naɗe cikin kallabinta. Kore na, mai ɗigon hwari."

Zubairu ya kau da kai. Ya san kallabin nan. Ya san inda yake a daidai wannan lokaci.

Ranar da Rilwanu yake kwashe zauren, Zubairu ya leƙo ya ga buhu biyu na kaset marasa suna an jingine za a bai wa masu sayen gwangwani. Shi da bakinsa ya roƙa. Shinkafarsa ta rani ta fid da kai tana cikin nono, tsuntsayen jan-baki kuwa sun taso kamar an aiko su, kuma duk manomin fadamar nan ya san babu abin da ke korar tsuntsu irin zaren kaset. A ja shi daga wannan sanda zuwa waccan, rana ta haska shi yana walƙiya, iska ta kaɗa shi yana kuka, tsuntsu ba ya sauka. Rilwanu ya ce ya ɗauka, ya ma rage masa aiki. Zubairu ya zauna a kan kunya ya fasa su ɗaya bayan ɗaya da dutse, ya zare cikinsu. Da ya zo kan wanda aka naɗe da kallabi ya ɗan tsaya, ya juya shi, ya ce a ransa wannan kuma na mene ne. Sai garken tsuntsu ya taso daga gabas. Ya fasa shi kamar sauran, kallabin kuma ya ɗaure a kan sanda a kusurwar gona ya zama tuta.

"Za a duba, Malam," abin da ya iya faɗa ke nan. Ya tashi ya fita, har ya manta takalminsa sai da Hanifa ta biyo shi da su.

Washegari da hantsi yana gona. Zare ya rufe ta ko'ina, layi a kan layi, na kaset wajen sittin, duk baƙi, duk iri ɗaya. Ya tsaya yana ƙoƙarin tuna ta wane gefe ya ja na cikin kallabin, ya kasa. Sai ya shiga kwancewa gaba ɗaya. Wani ya tsinke a hannunsa, wani ya yi kaushi saboda rana, wani kashin tsuntsu da taɓo sun manne masa. Maƙwabcin gonarsa ya ɗago daga ban-ruwa ya tambaye shi ko lafiya, mutum ya kwance gadi shinkafa tana cikin nono. Zubairu ya ce lafiya lau. Ya cusa zaren a buhu, ya kwance kallabin ya ninke ya sa a aljihu. Bai kai bakin hanya ba ya waiwaya ya ga sun fara sauka.

Mutum ɗaya ya sani da zai iya mallakar bidiyo mai rai, Sanusi na Maradun, wanda ya koyi aiki a hannun Malam Balarabe tun yana saurayi, yanzu shi ma furfura ta fito masa. Hanyar Maradun a zamanin nan ba a yin yamma a cikinta, don haka Zubairu ya shiga motar farko da ya samu, buhu a kan cinya.

Ya tarar da Sanusi a rumfarsa ta bakin kasuwa, cikin wayoyi da dikodoji, yana yi wa wani saitin tashoshi. Da ya buɗe buhun Sanusi ya fara dariya, ya ce ko Baba Zubairu ya koma sayar da taliya. Da ya ji bayani dariyar ta tsaya. Ya sallami mai dikodar, ya durƙusa ya jawo wani tsohon bidiyo daga ƙarƙashin tebur, ya bubbuge ƙurar da ke kansa. Ya samo ƙoƙon kaset, ya zaɓi zaren da ya fi dama-dama, ya goge da auduga, ya haɗa bakinsa da salatif, ya naɗe da yatsa. Aikin da ya ci rabin awa, abin da ya fito a gilashi bai wuce ƙiftawar ido goma ba: yayyafi, layuka, sai wata 'yar Indiya tana gudu cikin ruwan sama, sai yayyafi kuma.

Suka sake. Wannan karon ƙafafun 'yan ƙwallo. Suka sake, wani malami ya ɗaga yatsa, bakinsa na motsi babu sauti. Duk bayan gwaji biyu sai Sanusi ya buɗe na'urar ya wanke kanta da fetur, saboda dattin da zaren ke bari. Aka kira azahar, suka yi, suka dawo. Zubairu ya ƙura wa gilashin ido har hawaye na zubo masa, yana neman ko kaza ɗaya, ko gefen tabarmar shanya. A gwaji na tara bidiyon ya yi wani gurnani, ya tauna zaren, ya tsaya cik. Sanusi ya yi duk dabarar da ya sani, ko fitila ba ta sake kamawa ba.

Ya share hannu, ya ce gaskiya ko da na'urar ba ta mutu ba, zaren da ke cikin buhun nan sai a yi wata biyu ba a gama bi ba, kuma rana ta riga ta cinye fiye da rabi. Sannan ya ƙara da cewa abu na farko da Malam ya koya masa shi ne kada ya bar kaset a rana ko na tsawon alwala. Bai faɗa don ya ci fuska ba. Zubairu ya ɗaure bakin buhunsa ya yi godiya.

Ya iso Mafara la'asar sakaliya. A hanya ya shirya ƙarya kala uku, kowacce mai kyau: masu gwangwani sun tafi da shi, gara ta ci, ana nan ana nema. Kowacce za ta wuce, don a gidan babu wanda ya san zancen kallabin sai su biyu. Amma da ya tuna tsohon zai kwanta yana sauraron ƙofa, yana jiran abin da ba zai zo ba, sai ya ji ba zai iya ba.

Rilwanu ya fita sayen magani, ya bar dikoda a kunne. Wata mata a wata ƙasa tana karanta labarai, fuskarta ta cika bango, garau, har ramukan fatarta ana gani. Malam Balarabe yana kwance ya ba ta baya. Zubairu ya laluba ya kashe daga jikin soket don bai iya rimot ba. Ya durƙusa a gaban gadon, ya ciro kallabin ya ajiye a kan bargo. Koren ya koɗe ya koma kamar ruwan ganye, gefe ɗaya iska ta yage.

Ya faɗi komai, bai rage ba. Buhu biyu, dutse, sanda, sati uku a rana, Maradun, bidiyon Sanusi. Tsohon bai katse shi ba. Ya miƙo hannu ya jawo kallabin, ya shafa shi da babban yatsa, ya kai hanci, ya sauke. Babu abin da ya rage a jikinsa sai warin rana da taɓo.

"Shekara arba'in kana shiga shagon nan," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ka taɓa ganin na naɗe kaset cikin tuhwa? Kag ga abu naɗe cikin kallabin mace, ba ka tambaya ba?"

Zubairu ya tuna da ranar. Ya gani, ya tsaya, ya yi tunani, tsuntsu ya fi ƙarfin tunanin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yahe mani, Malam."

Tsohon ya lumshe ido har Zubairu ya zaci barci ya ɗauke shi. Daga cikin gida ana jin Hanifa tana dama kunu, ludayi na bugun ƙwarya.

"Tsuntsu ya sauka?" in ji tsohon.

"Tun da niɗ ɗaura, ko guda. Sai yau da nik kwance."

Bakin tsohon ya motsa kamar zai yi dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa ya ce, "Ita ta. Ko kaza ba ta bari ta taɓa shanya." Ya dunƙule kallabin a hannu ya kai ƙirji. "Maida ta gona. Kak ka yi hasara biyu."

Zubairu ya ci gaba da durƙuso, yana jiran ɗaya kalmar. Malam Balarabe ya rufe ido. Hanifa ta yi sallama ta shigo da kunu, ta ce Baba Zubairu ya ɗan ba su wuri za ta gyara shi. Ya tashi, ya ce sai da safe. Ba a amsa ba.

Da safen, ana fitowa sallar asuba, kukan Hanifa ya tsallako katanga.

An yi jana'iza da hantsi. Mutane sun zo ba laifi, har daga Damri inda Hanifa ke aure, da Bakura, da Sanusi daga Maradun. Da liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, aka amsa da an yafe, Zubairu ma ya motsa baki. Abin ya yi masa ɗaci, don shi tasa buƙatar a juye take, kuma babu limamin da ke tambayar gawa. Hanifa ce ta ɓamɓare kallabin daga hannun uban kafin a yi wanka. Ta gane shi, ta soke a ƙugu, ta dubi Zubairu sau ɗaya ba ta tambaye shi komai ba.

A zaman makoki Rilwanu ya yi ta gaya wa masu gaisuwa cewa abu ɗaya da ya sanyaya masa rai shi ne ya ceto aikin Baba kaf kafin ya lalace, duk an juye a sabon faifai, irin wanda ake cewa yana shekara ɗari, ko guda bai salwanta ba. Aka yi ta sa masa albarka, ana cewa haihuwa ta yi rana. Ya juyo ga Zubairu ya ce ai Baba Zubairu shaida ne. Zubairu ya ce, "Madalla." Me zai ce? Ya gaya wa ɗa cewa uwarsa, da bai da ko hotonta, ta yi shekara da shekaru a kanta ta sama tana dariya, shi ya miƙa ta a buhu, maƙwabci ya fasa da dutse? Ya haɗiye, ya bar yaron da murnarsa.

Bayan addu'ar uku aka kwance talabijin da dikoda da faranti aka sa a mota, don babu mai kallo a gidan. Suka bar ramukan ƙusa huɗu a bango.

Rana ta huɗu Zubairu ya saɓa buhu ya tafi gona. Jan-baki sun yi aikinsu, gefen gabas duk sun tsotse, kawunan shinkafa sun yi fari suna tsaye babu nauyi. Ya zazzage zaren a kan kunya, ya shiga warware shi, yana ƙulla guntu da guntu. Wannan karon bai ja da ƙarfi ba. Kowane ya ɗauka sai ya riƙe shi da yatsa biyu, ya ɗaga ga rana ya duba, ko da yake ya san ba a ganin komai a jiki. Har azahar ta gota yana yi, daga sanda zuwa sanda, sandar kusurwa kaɗai ya bari tsirara.

Da ya gama ya zauna a bakin kwatar ban-ruwa ya sa ƙafa a ruwa. Iska ta taso daga wajen dam, zaren ya ɗauka gaba ɗaya, yana walƙiya, yana wani siririn kuka da ke tashi yana sauka. Zubairu ya karkata kai yana saurare, layi bayan layi. Garken tsuntsu ya taso daga gabas, ya yi ƙasa-ƙasa a kan gonar, ya kewaya sau biyu, ya wuce.